Daga Samaru zuwa Kunya: Yadda Za Ka Auna Haɗin Kan Masana da Hukuma

Kaɗan ne yankunan Arewa da suka kai ƙasar Funtua da Malumfashi kusanci da masana aikin gona. Samaru tana kan hanyarmu ta zuwa Zariya, kuma a nan Cibiyar Binciken Aikin Gona take tun 1922, kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan kuma hedikwatar NAERLS take, hukumar da aikinta shi ne kai sakamakon bincike hannun malaman gona. Yanzu ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga ta Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina. Ta fuskar hukuma ga ma'aikatar gona, ga hukumar raya noma ta jiha, wato KTARDA, da ofishinta na shiyya a Funtua, ga sashen gona a kowace ƙaramar hukuma. Duk shekara waɗannan ɓangarori suna haɗuwa, a yi jawabai, a sa hannu a takardun yarjejeniya, a ce za a yi aiki da hujja.

To, kai shugaban ƙungiyar manoma a Bakori, ko malamin gona a Ƙafur, ko kansila mai kula da noma a Ɗanja, ta yaya za ka san ko wannan haɗuwa tana haifar da wani abu? Shawarata ita ce ka bar ƙirga taruka. Ka zaɓi shawara guda ɗaya tak da aka ce daga bincike ta fito, ka bi sawunta daga gonar gwaji zuwa teburin mai yanke hukunci, daga can zuwa kunyar manomi, sannan ka duba ko abin da manomi ya gani ya koma kunnen masanin. Wannan zango na ƙarshe shi ne inda igiya ta fi tsinkewa, kuma shi ne ma'aunin da na fi yarda da shi.

Dalilin da ya sa na dage a kan haka yana cikin tarihin ƙasar nan. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman da abokan aikinsa a Samaru suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna rubuta abin da kowane gida ke shukawa, da yawan aikin da yake zubawa, da abin da yake girba. A lokacin koyarwar hukuma ita ce a shuka amfani iri ɗaya a gona ɗaya, ana ganin haɗa gero da dawa da wake rashin wayewa ne. Ƙididdigar ta nuna akasin haka. Mai haɗa shuka ya fi samun amfani a kan kowace eka, ya fi cin moriyar ƙarfinsa a watannin Yuni da Yuli da aiki ke yi wa kowa yawa, kuma idan damina ta gaza ba ya tashi a tutar babu. An wallafa wannan tun farkon shekarun 1970.

Sai ga babban shirin raya noma na Funtua a 1975, wanda Bankin Duniya ya ba da rancensa tare da na Gusau da na Gombe. Ya haɗa gundumomin Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. An yi hanyoyin karkara, an gina madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki da iri, an ɗauki malaman gona. Amma shawarar da aka ba malaman su kai ƙauye ta fi karkata ga shuka iri ɗaya, kuma an fi mayar da hankali ga manoman da ake kira masu ci gaba, waɗanda galibi masu hali ne. Wato binciken da aka yi a maƙwabta bai shiga tsarin yadda ya kamata ba. Abin da ya biyo baya darasi ne. Masara, wadda a da ta bayan gida ce da ake ci ɗanya kafin kaka, ta kama ƙasar nan gaba ɗaya, saboda an samu iri mai kyau irin TZB daga cibiyar IITA ta Ibadan, ga taki mai rangwame, ga hanya, ga kasuwa. Auduga kuwa, wadda shirin ya ɗora wa buri, ba ta yi tashin da aka zata ba. Masana sun ce a shuka ta da wuri cikin Yuni, a yi mata feshi sau da yawa. Manomi ya ce sai ya gama da abincin gidansa, don haka sai cikin Yuli yake waiwayarta. A gonar gwaji masana ne da gaskiya. A gidan da hannu biyar ne ke noma wa baki goma sha biyar, maigidan ne da gaskiya.

Da wannan a zuciyarka, ga yadda za ka bi sawun shawarar da ka zaɓa.

Fara da tambayar wa ya kawo matsalar. Idan an zo maka da sabon iri ko sabuwar dabara, ka tambaya cikin ladabi: Malam, wane kuka ne na manoma wannan ya zo sharewa, kuma a ina aka ji kukan? Akwai binciken da ya samo asali daga ƙorafin manoma a kan wuta-wuta ko tsutsa ko ƙarancin ruwan ƙarshen damina. Akwai wanda ya samo asali daga abin da mai ba da kuɗi yake so, ko abin da zai kai malami ga ƙarin girma. Na biyun ba laifi ba ne, wani lokaci ma yakan zo da alheri, amma ya kamata ka san da wanne kake hulɗa. Haka nan ka tambayi jami'in gwamnati ko ma'aikatarsa ta taɓa rubuta wa wata jami'a tana neman amsar wata tambaya takamaimiya. Inda hukuma ba ta taɓa tambaya ba, da wuya ta saurari amsa.

Daga nan sai ka nemi inda aka gwada. Wannan ya fi komai sauƙin bincikawa, kuma an fi mantawa da shi. Ƙasar Dandume da Sabuwa ta fi ta arewacin Malumfashi da Musawa samun ruwa, jigawa daban, fadama daban. Irin da ya yi fice a gonar cibiya, inda ba a makara da noma, ba a rasa taki, zai iya zama wani abu dabam a gonar da aka yi shekara ashirin ana nomawa ba hutu. Ka ce a faɗa maka sunayen ƙauyukan da aka yi gwajin, da yawan manoman, da yawan daminar. Gwajin damina ɗaya ba ya isa, domin shekarar ruwa da shekarar fari ba sa ba da labari iri ɗaya. Ka kuma tambaya da me aka kwatanta sabon abin. Idan an kwatanta sabon iri mai cikakken taki da tsohon iri da ba a ba shi komai ba, to taki aka gwada, ba iri ba.

A nan akwai abin da halin da muke ciki ya ƙara. Shekarun rashin tsaro sun hana masu ɗaukar ƙididdiga shiga ƙauyuka da dama na Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara. Rahoton da ya ce ga halin manoman shiyyar Funtua alhali bakin titi kaɗai aka tsaya, ya bar waɗanda suka fi shiga uku a waje. Ka tambayi mai rahoton ƙauyukan da ƙafarsa ta taka. Masani na gari ba zai ji haushi ba, zai ma rubuta wannan a cikin rahotonsa da kansa.

Yanzu sai lissafi, kuma a nan nake so ka zauna da biro. Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ga masara a irin ƙasarmu ita ce kimanin buhu takwas na kamfa 15-15-15 da kusan buhu uku na yuriya a hekta ɗaya. Ɗauki farashin taki na yau a kasuwar Funtua, ka haɗa da kuɗin iri da huɗa da maganin ciyawa da ƙwadago da sussuka da buhu da dako. Sannan ka ɗauki farashin masara na kaka a kasuwar Dandume, ba na bazara ba, domin a kaka mai bashi yake sayarwa. Masana tattalin arzikin noma suna da ƙa'idar da suka daɗe suna aiki da ita: idan naira ɗaya da aka zuba a taki ba za ta dawo da aƙalla naira biyu ba, ƙaramin manomi ba zai yi kasadar ba, kuma bai kamata a zarge shi ba. Idan shawarar ta faɗi a wannan lissafi, ba ta cika ba tukuna, komai kyanta a takarda.

Ga inda za ka ga haɗin kan ko rashinsa ƙarara. A shirin tallafin taki na waya da gwamnatin tarayya ta fara a 2012 zamanin minista Akinwumi Adesina, buhu biyu ake ba manomi a rabin kuɗi. Masani ya ce goma sha ɗaya, hukuma ta ba da biyu. Tambayar da ta dace ita ce: wa ya zauna ya gaya wa manomi yadda zai fi cin ribar buhu biyun? Ya barbaza su a hekta, ko ya tattara su a rubu'i ya shuka wake da waken suya a sauran? Ya binne takin ko ya watsa? Amsar irin wannan tambaya tana nan. A Nijar, masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore sun nuna cewa ɗan taki cikin murfin kwalba a kowane ramin gero yana ƙara amfani sosai. Bincike ne da ya fara daga aljihun talaka. Duk lokacin da aka ƙaddamar da rabon taki a ƙaramar hukumarka, ka duba ko akwai takarda ko shirin rediyo da ke bayanin yadda za a yi amfani da adadin da aka raba ɗin, ba adadin da ke cikin littafi ba. Idan akwai, masana da hukuma sun yi magana da juna.

Bayan lissafi sai takardu. Magana a taro iska ce, abin da ya shiga kasafin kuɗi shi ne niyya, abin da aka saki shi ne aiki. Jihohi yanzu suna wallafa kasafinsu da rahoton aiwatarwa na wata uku-uku a intanet, kuma duk wani matashi mai waya a ƙungiyarku zai iya sauko da su. Ku nemi layin malaman gona, da na gonakin gwaji, da na iri, ku ga nawa aka ware, nawa aka saki, a wane wata. Watan ya fi adadin muhimmanci. Iri da ya iso ƙarshen Yuli, ko kuɗin gonar gwaji da aka saki bayan an yi maimai, sun shiga lissafin gwamnati amma ba su shiga gona ba. Idan takardar da kake nema a hannun hukumar tarayya take, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta mata, kuma kwana bakwai doka ta ba ta ta amsa.

Ka kuma tambayi malamin gonar yankinku yaushe rabonsa da zama gaban masani. A tsarin da aka gada daga zamanin Bankin Duniya, masu bincike sukan zauna da manyan jami'an shirin kowane wata, su kuma su horar da malaman gona kowane mako biyu, malaman su kawo matsalolin ƙauye a koma da su sama. Tun da rancen ya ƙare a shekarun 1990 wannan tsari ya yi rauni a jihohi da yawa, malaman suka tsufa suka yi ritaya, wanda ya rage yana kula da dubban manoma. Idan malaminku ba shi da babur, ba shi da mai, ba a kira shi horo ba tun bara, to duk wata yarjejeniya da aka sa wa hannu a birni ba ta da ƙafar da za ta iso gare ku.

Wani ma'aunin shi ne sauri a ranar masifa. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, a daidai lokacin da tsutsar da ake kira sharon ke cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina. Ka tuna ranar da ka fara ganin irin wannan a gonarka, da ranar da wani mai iko ya gaya maka sunan abin da maganinsa da lokacin feshinsa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu shi ne tsawon hanyar da ke tsakanin jami'a da hukuma da kai. Inda hanyar ta yi tsawo, mai shagon magani ne ke zama malami, manomi ya yi ta haɗa guba iri uku a famfo ɗaya.

Kada ka ɗauka ba a taɓa dacewa ba. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake adana wake ba tare da magani ba ya fito ne daga binciken Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masana na yankinmu, ciki har da na Maraɗi, kuma daga 2007 aka fara yaɗa shi. Yadda aka yi shi ne abin koyi. A gaban jama'a ake zuba wake a ɗaure, bayan watanni a dawo a kwance a gaban jama'a, kowa ya sa hannu ya duba. An kuma haɗa da 'yan kasuwa don buhun ya samu a kasuwar ƙauye. Gani ya kori ji. Gonakin gwajin da ƙungiyar Sasakawa ta kawo Arewa daga 1992 su ma a gonar manomi aka yi su, da hannunsa, maƙwabta na kallo. Duk shawarar da masu ita ke gudun a gwada ta haka a fili, ka yi hattara da ita.

Batun auduga ya cancanci a tsaya a kansa, domin ita ce ta gina Funtua tun zamanin injin gurza na kamfanin BCGA da jirgin ƙasa, kuma tun da aka rushe hukumar sayen auduga a 1986 ba ta koma daidai ba. A 2018 Najeriya ta amince da irin audugar da aka sauya wa halitta don ta jure wa tsutsa, bayan gwaji tare da cibiyar Samaru, kamar yadda aka saki waken SAMPEA 20-T a 2019 da masarar TELA a 2024. Mutane sun rabu a kan waɗannan, kuma ba zan yanke maka hukunci a nan ba. Abin da zan ce shi ne ka yi musu tambayoyin da za ka yi wa kowane iri, ka ƙara guda biyu. Nawa ne kuɗin irin kowace shekara, tunda audugar ta aure ce, ba a ajiye anguryarta a sake shukawa? Kuma mai saye ya yarda da ita? Burkina Faso ta rungumi irin wannan auduga a 2008, ta bar ta a 2016, domin zarenta ya gajarce, kamfanoni suka yi asara a kasuwar duniya, duk da cewa feshi ya ragu. Hujjar da ta tsaya a bakin gona ba ta kai masaƙa ba, rabin hujja ce.

Abin da ya rage shi ne wanda ke hannunka, kuma shi ne zai sa a fara jin maganarka. Ku yi naku gwajin. A samu manoma goma ko fiye a ƙungiya, a haɗa da mai jigawa da mai ƙasa mai nauyi, mai shanun huɗa da mai fartanya, da matan da ke da gayauna. Kowa ya auna fili biyu daidai wa daida da igiya, kusa da juna, ya shuka su rana ɗaya, ɗaya yadda ya saba, ɗaya yadda aka ba da shawara. Abu ɗaya kawai za a bambanta, ko iri ko taki ko tazara, kada a haɗa su. A sami littafi a rubuta ranar shuka, da kuɗin da aka kashe, da yinin aiki nawa kowane fili ya ci, har da na 'ya'yan gida da ba a biya. A kaka a sussuke daban, a bushe, a auna da tiya ɗaya ko sikeli ɗaya a gaban shaidu. A rubuta wanda ya faɗi kamar yadda aka rubuta wanda ya ci, kada a ɓoye don kunyar malamin da ya kawo irin. Matan gida su dafa, su faɗi yadda tuwon ya yi da yadda garin ke auki, domin iri da yawa sun mutu a madafa bayan sun yi nasara a gona. A maimaita a damina ta biyu.

Sannan ku kwafe sakamakon gida uku. Ɗaya ofishin shiyya na KTARDA, ɗaya sashen gona na ƙaramar hukuma, ɗaya cibiyar ko jami'ar da shawarar ta fito. A buga muku hatimin karɓa a naku kwafin. Ku rubuta tambaya guda a ƙasa: bisa ga wannan, me za ku canza? Abin da zai biyo baya shi ne jarrabawar gaskiya. Idan masani ya zo ya duba gonar, ko ya ce ga inda kuka yi kuskure a awo, ko shawarar baɗi ta zo da gyara, akwai rai a haɗin kan. Idan shekara uku ana maimaita shawarar da kuka nuna ba ta biya, to ku kai maganar gaban ɗan majalisar jiha mai wakiltarku da kwamitin noma, da littafinku a hannu.

Malamanmu na jami'a, ku ma ina da roƙo a gare ku. Ɗaliban da kuke turowa da takardun tambayoyi sun cika ƙauyukanmu, amma da wuya a ga wanda ya dawo ya faɗi abin da ya gano. Shafi ɗaya da Hausa, wanda za a karanta a ƙofar mai unguwa ko a gidan rediyo, bai fi ƙarfinku ba. Haka shafi biyu ga babban sakatare, da kuɗin abin a rubuce, ya isa teburinsa kafin a rufe shirin kasafi, ba bayan an kai shi majalisa ba. Ku kuma masu riƙe da ofis, idan kun ajiye shawarar masana saboda rashin kuɗi ko wani dalili, ku faɗa musu dalilin a rubuce. Da haka za su san abin da za su bincika nan gaba.

Game da lokaci, ku kammala awo da rubutu kafin ƙarshen Disamba, ku miƙa takardunku a Janairu. A watannin rani ne cibiyoyin bincike ke zaman bitar aikin bara da tsara gwaje-gwajen damina mai zuwa, a lokacin ne kuma hukumar NiMet ke fitar da hasashen ruwan shekara, ma'aikatu ke shirin sayen taki da iri. Takardar da ta iso a Mayu sai dai ta jira wata shekarar.